Nisan Legas zuwa Jidda a jirgin sama

'Yan uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan kan tambaye ni ko ya fi sauƙi maniyyaci ya tashi daga Legas, ko ya dawo gida Borno. Ga lissafin.

Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa Jidda, kusan kilomita 4,200 ne a miƙe, wato tafiyar awa biyar da 'yan kai. Daga Maiduguri, wadda muke gefenta a nan Zabarmari, kusan kilomita 3,000 ne, kamar awa huɗu.

Legas zuwa Maiduguri kuma kusan kilomita 1,200 ne ta sama. Kun ga ke nan Maiduguri a kan hanya take, dawowa gida ba ya rage nisa. Ta ƙasa kuwa, tirelar shanun mahaifina kwanaki take yi tsakanin garuruwan biyu.

Ku lura da abu biyu. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Sannan agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, sai a gyara lokacin sallah da na shan magani.

Allah ya kai mu lafiya.