Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru

Hijirar Attahiru ita ce ƙaurar da dubban Musulmin Daular Sakkwato suka yi zuwa gabas a 1903, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, bayan sojojin Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris na wannan shekara. Masu hijirar, waɗanda suka haɗa da malamai da sarakuna da talakawa, sun dogara ne da hukuncin cewa wajibi ne Musulmi ya bar ƙasar da ba zai iya tsayar da addininsa a cikinta ba, kuma nufinsu shi ne isa Makka.

Turawa sun bi sawunsu har Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda aka kashe Attahiru a ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar ta ƙasar Cadi zuwa Sudan, wadda ita ma a lokacin tana hannun Ingila da Masar, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Zuriyarsu na can har yau, cikin al'ummar da Sudanawa ke kira Fallata, wato mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne.