Jif ta alfarma: Dizal ko fetur?

Mai niyyar sayen babbar motar jif ta alfarma yakan tarar da mota ɗaya da injina iri biyu, na fetur da na dizal, wanda a Najeriya aka fi sani da man gas.

Bambancin ya samo asali ne daga yadda kowanne ke ƙona mai. Injin fetur yana dogara da tartsatsin fulogi. Shi kuwa injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a 1897 matse iska yake yi har ta yi zafi, ta yadda man zai kama da kansa da zarar an fesa shi.

Wannan ne ya sa dizal ya fi tsimin mai, ya kuma fi ƙarfin ja tun inji bai ɗauki gudu ba.

Toyota Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta isa misali. Injinta na fetur yana da ƙarfin doki sama da 400, na dizal kuma kimanin 300. Amma wajen jan kaya, hawan tudu ko ratsa yashi, na dizal ne ke gaba. Na fetur ya fi shi shiru da saurin tashi, abin da mai neman jin daɗi ba zai raina ba.

Matsalar hayaƙi

Martabar dizal ta zube a 2015, lokacin da hukumomin Amurka suka gano cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wata manhaja da ke ɓoye yawan gurɓataccen hayaƙin motocinsa a lokacin gwaji. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya, kuma badaƙalar ta taɓa Audi Q7 da Porsche Cayenne. A 2018 Porsche ya daina ƙera motocin dizal baki ɗaya.

Jif ɗin dizal da ake ƙerawa domin kasuwar Turai tana ɗauke da matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. Matatar kan ƙone dattin da ta tara ne idan an yi doguwar tafiya inji ya yi zafi sosai. Motar da aikinta bai wuce gida zuwa ofis a cikin cunkoso ba, matatarta kan toshe, gyaranta kuma sai an ji a jika.

Sai kuma ingancin mai. An tsara waɗannan injina ne bisa man Turai, wanda farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Mizanin da ECOWAS ta amince da shi a 2020 kashi 50 ne, kuma man da aka gauraya ko ya sha ruwa yana lalata injekta cikin ɗan lokaci. Shi ya sa asalin kasuwar da aka ƙera wa motar ke da muhimmanci ga wanda zai shigo da ita Afirka ta Yamma.

A Najeriya, tallafin gwamnati ya daɗe yana sa fetur ya fi dizal araha nesa ba kusa ba, har aka cire shi a watan Mayun 2023.

Ga mai yawan zirga-zirga tsakanin Abuja da Maiduguri, ko mai shiga karkara, dizal ne zai fi biya masa buƙata, muddin yana da gidan man da ya yarda da shi. Wanda motarsa ba ta barin cikin gari, fetur ya fi masa kwanciyar hankali, makanikan da suka san injinsa ma sun fi yawa.