Go-kat a titunan Tokyo: tarihin da ke bayan hotunan nan

1/ Jama'a, duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da bidiyon nan: baƙi sanye da kayan 'yan katun, cikin ƙananan motocin tsere marasa rufi, suna ɗaga hannu a tsakiyar titin Tokyo, bas da tasi na wuce su ta gefe. Yau zan ba ku tarihin abin, da na wuraren da ake ɗaukar hoton. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Abu biyu suka sa na ga ya cancanci zare. Na ɗaya, sana'ar ta faro ne da sunan aro da wani giɓi a doka. Na biyu, kusan duk wurin da kuke gani a bayansu yana da labarin yaƙi ko gobara. Daga ƙarshe kuma akwai rigimar da har yanzu ba ta mutu ba: titin na masu yawon buɗe ido ne, ko na mutanen unguwa?

3/ Ga yadda abin yake. Za ka biya kamfani, ka nuna lasin tuƙi, ka zaɓi kayan da za ka sa, a ba ka kat ɗinka. Jagora na gaba, ku kuna biye a jere. Ba fili aka keɓe muku ba fa, titin kowa da kowa ne. In danja ta tsayar da ku, jagoran ya juyo ya ɗauke ku hoto.

4/ Ita go-kat ɗin ba Japan ta ƙirƙiro ta ba. Wani makanikin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya haɗa ta farko a Kalifoniya, Amurka, a 1956. Abin da Japan ta ƙara shi ne wasan bidiyo: a 1992 kamfanin Nintendo ya fitar da Super Mario Kart, inda Mario da abokansa ke tsere suna jifan juna da ɓawon ayaba.

5/ Nintendo kuwa tsohon gida ne. An kafa shi a birnin Kyoto tun 1889, yana buga katin wasa da ake kira hanafuda. Kamfanin da ya shekara sama da ɗari yana tsare sunansa ba zai yi wasa da shi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ To ya aka yi abin wasa ya hau babban titi? Dokoki biyu ne suka saɓa wa juna. Dokar zirga-zirga ta ɗauki ƙaramar mota mai injin da bai wuce cc 50 ba a matsayin mota, don haka ba dole ne a sa hular kwano ba. Dokar ƙirar ababen hawa kuma ta sa ta a sahun ƙaramin babur, don haka a lokacin ba dole ne ta zo da bel ɗin kujera ba.

7/ Kun gane? Ba hular kwano, ba bel, ga mutum zaune dab da kwalta, kansa bai fi tsayin tayar babbar mota ba, kuma doka ba ta hana ba. Abin da ya rage kawai shi ne kwastoma. Kwastoman kuma gwamnati ce da kanta ta kira su.

8/ A 2003 Firaminista Junichiro Koizumi ya ƙaddamar da kamfe na jawo baƙi zuwa Japan. A shekarar, baƙin da suka shigo ƙasar miliyan 5 ne da 'yan kai. A 2013 suka haura miliyan 10. Zuwa 2019 sun kusa miliyan 32. Ƙasar da jama'arta ke tsufa ta ga kuɗi a yawon buɗe ido, ta buɗe ƙofa.

9/ Cikin wannan tururuwa aka kafa wani kamfani a Tokyo a 2015 mai suna MariCar. Sunan ba haɗari ba ne: Japanawa na gajarta sunan wasan Mario Kart su ce "Marika". Kamfanin na ba da hayar kat tare da kayan Mario, Luigi da Yoshi. Baƙi suka yi ta ɗora bidiyo, talla ta yi kanta.

10/ A Agustan 2016, wajen rufe gasar Olamfik a Rio, aka nuna bidiyon da Firaminista Shinzo Abe ya rikiɗe ya zama Mario, ya faɗa wani bututu a mararrabar Shibuya. Sai ga shi ya fito a tsakiyar filin wasan Rio da jar hular Mario. Duniya ta gani: Tokyo na tallata kanta a matsayin garin wasan bidiyo.

11/ Wata shida bayan nan, Fabrairun 2017, Nintendo ya maka MariCar a kotu. Hujjarsa: kuna cin kasuwa da sunanmu da kamannin 'yan wasanmu ba izini, mutane na zaton mu ne. In aka yi hatsari, sunan wa zai ɓaci? Kamfanin ya koma liƙa rubutu a jikin motocin cewa ba shi da alaƙa da Nintendo.

12/ Satumban 2018 kotun gundumar Tokyo ta ce a biya Nintendo yen miliyan 10, a kuma daina ba da hayar kayan. Aka ɗaukaka ƙara. Janairun 2020 babbar kotun haƙƙin mallakar fasaha ta ninka kuɗin sau biyar, ya koma miliyan 50. Disambar 2020 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙorafin kamfanin. Kayan aro ba ya rufe katara.

13/ Shi ya sa a bidiyon yanzu ba za ku ga kamfani na raba kayan Mario ba, sai na dabbobi da wasu 'yan katun. Sunan kasuwar ma ya koma Street Kart. Ma'aikatar sufuri kuma, bayan yawan hatsari, ta tsaurara ƙa'ida a 2018: a sa bel, a kuma ɗaga fitilar baya yadda direban babbar mota zai hango.

14/ Sai korona ta zo a 2020, Japan ta rufe iyaka, baƙi suka ɗauke ƙafa. Kamfanin ya buɗe asusun neman tallafi a intanet yana neman yen miliyan 2. Mutum 4 kacal suka ba da, kuɗin bai kai yen 12,000 ba. A wurina wannan ya fi hukuncin kotu nuna yadda 'yan gari ke kallon sana'ar.

15/ Yanzu mu bi hanyar da ake bi da baƙin, wuri bayan wuri. Amma ku fara sanin wannan: Tokyo ta ƙone sau biyu cikin shekara 22. Girgizar ƙasar 1 ga Satumba 1923 da gobarar da ta biyo baya sun kashe sama da mutum 100,000. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945, bama-baman Amurka masu ta da gobara suka kashe kimanin 100,000.

16/ SHIBUYA. Mararrabar nan da ake tsayar da motoci ta ko'ina, mutane su kwararo ta kowane ɓangare lokaci guda. Tun 1973 aka mai da ita haka. Ita ce hoton da kowane mai hawa kat ke nema: kai a ƙasa, manyan allunan talla a sama, jama'a na ɗaukar ka a waya.

17/ A gefenta akwai mutum-mutumin kare, Hachiko. Ubangidansa, Farfesa Hidesaburo Ueno, ya rasu a wurin aiki a Mayun 1925. Karen ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiransa har ya mutu a Maris 1935. An kafa masa mutum-mutumi a 1934 yana raye, har ya halarci bikin.

18/ Amma wanda ake layin ɗaukar hoto da shi yau ba shi ne na asali ba. A 1944 aka cire na farkon don a narka ƙarfensa saboda yaƙi. Wanda ya sassaƙa shi, Teru Ando, ya mutu a harin jiragen sama na Mayun 1945. Ɗansa, Takeshi Ando, ne ya yi na yanzu a 1948.

19/ HASUMIYAR TOKYO. Doguwar nan mai kama da ta Eiffel da ke Faransa, amma ta ɗara ta tsawo: mita 333. An buɗe ta a Disambar 1958, shekara 13 bayan yaƙi, don watsa shirye-shiryen talabijin da rediyo. Launin ruwan lemo da farin da ke jikinta ƙa'idar kare jiragen sama ce ta sa.

20/ Abin da ba a cika faɗa ba: wani kaso na ƙarfenta daga tankokin yaƙin Amurka ne da suka lalace a yaƙin Koriya, aka narka su. Ƙasar ba ta da wadatar ƙarfe mai kyau a lokacin. Sai 2012 Skytree mai mita 634 ta zo, daga baya ta karɓi yawancin aikin watsa talabijin.

21/ GADAR RAINBOW DA ODAIBA. An buɗe gadar a 1993, kat na bi ta benen ƙasa, teku na gefenka. Kalmar "daiba" na nufin dandalin girke igwa. Ga dalili: sama da shekara 200 gwamnatin sojan Tokugawa ta taƙaita hulɗa da waje, cinikin Turawa sai da 'yan Holan kaɗai a Nagasaki.

22/ A Yulin 1853 kwamandan sojan ruwan Amurka Matthew Perry ya iso da jiragen yaƙi 4, ya ce a buɗe ƙasa. Cikin gaggawa aka cike teku aka gina ƙananan tsibirai, aka ɗora igwa don kare Edo, tsohon sunan Tokyo. Perry ya dawo a 1854, aka sa hannu kan yarjejeniya, ba a harba igwar ba.

23/ Biyu daga cikin tsibiran na nan har yau, ana hango su daga kan gadar. Wurin da aka gina don hana baƙi shigowa, yau baƙi ke wucewa ta samansa sanye da kayan zomo da damisa. A bakin ruwan ma akwai ƙaramin kwafin mutum-mutumin 'yanci irin na New York.

24/ AKIHABARA. Unguwar wasannin bidiyo da katun. A farkon zamanin Sarki Meiji gobara ta cinye yankin, sai aka bar fili fayau don tare wuta, aka gina wurin bauta na neman tsari daga gobara. Jama'a suka kira shi Akiba, unguwar ta samu suna daga nan.

25/ Bayan 1945 masu kasa kaya a bakin titi suka fara sayar da kayan gyaran rediyo. A 1949 hukumar mamayar Amurka ta ba da umarnin kwashe rumfunan titi, sai suka koma ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Daga rediyo aka koma firji da talabijin, sai kwamfuta, sai wasanni. Wasu shagunan na nan a lungunan har yau.

26/ ASAKUSA. Ƙofar nan mai katafariyar jar fitilar takarda, Kaminarimon, ita ce mashigar Senso-ji, wurin bautar Buda mafi tsufa a Tokyo. Ƙofar ta ƙone a 1865, aka shekara 95 babu ita. Konosuke Matsushita, mai kamfanin da ya zama Panasonic, ya ba da kuɗin sake gina ta a 1960. Sunan kamfaninsa na jikin gindin fitilar.

27/ Babban zauren kuwa ya ƙone a daren nan na Maris 1945, aka sake gina shi da kankare a 1958. Unguwannin da ke kewaye da shi na cikin waɗanda wutar ta fi yi wa ɓarna. Akwai tsofaffin da suka ga daren da idonsu suna yara, kuma a garin suke zaune har yanzu.

28/ Mu dawo yau. A Oktoban 2022 Japan ta sake buɗe wa masu yawon buɗe ido ƙofa sosai, darajar yen kuma ta faɗi, kaya suka yi wa baƙi araha. A 2024 baƙi sun kusa miliyan 37, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Kat suka dawo titi, kamfanoni suka ƙaru, ƙorafi ma ya ƙaru.

29/ Ƙorafin mazauna bai wuce abin da za ku iya zato ba: ƙarar inji a lungun da mutane ke barci, hayaƙi, masu karya danja don kada ayari ya bar su, da masu riƙe waya suna tuƙi. Direban tasi da mai kai kaya, su da ke neman abinci a titin, su ne ke kaucewa.

30/ Hukumomi sun fara taka burki. A Mayun 2024 garin Fujikawaguchiko ya kafa baƙin labule don tare wani wurin da ake cunkoson ɗaukar hoton Dutsen Fuji. A Oktoban 2024 Shibuya ta hana shan giya a titunan kewayen tasha da daddare duk shekara. A 2025 ta sa doka cewa mai buɗe sabon shagon kat sai ya sanar da hukuma, ya yi wa maƙwabta bayani.

31/ Ra'ayina: ba na ganin laifin wanda ya tara kuɗinsa ya je ya more. Gwamnati ce ta gayyace shi, Firaminista da kansa ya sa hular Mario. Amma mutanen da suka sake gina garin daga toka ba filin wasa suka gina ba, wurin zama suka gina. Baƙo raɓa ne, gobe ya tafi, su kuma suna nan da ƙarar injin.

32/ Ga masu niyyar zuwa: ba a hawa sai da lasin Japan, ko lasin ƙasa da ƙasa na yarjejeniyar Geneva ta 1949, ko lasin wasu ƙasashe ƙalilan haɗe da fassarar da hukuma ta yarda da ita. Na yarjejeniyar Vienna ta 1968 ba ya aiki a can. Ku duba wanne ne a hannunku kafin ku biya.

33/ A Japan ta hagu ake tuƙi, kuma riƙe waya kana tuƙi laifi ne, ko a kat ne. Ku bar wa jagora hoton. In kun gama, ku koma Asakusa ko gefen Hachiko da ƙafa, ku tsaya ku karanta allunan tarihin da ke wurin.

34/ Nan zan tsaya. Tambayata gare ku: da a unguwarku ne ayarin nan ke wucewa kullum, kasuwa na samun ciniki amma barci na gagara, za ku ce a bar su ko a hana? Ku ajiye amsa a ƙasa, ina karantawa.