Fuskokin Katako na Ƙabilar Lwalwa

Lwalwa, waɗanda wasu ke rubutawa Lwalu, ƙaramar al'umma ce a yankin Luiza na lardin Kasai ta Tsakiya, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, dab da iyakar Angola. Littattafai na cewa yawansu ya kai 20,000, amma tsohon adadi ne da kowa ke kwafa daga na gabansa.

Asalinsu yana da alaƙa da ƙabilar Kete. Da daular Lunda ta faɗaɗa a ƙarni na 17, Lwalwa sun ƙi biyan gandu, suka fi jingina da maƙwabtansu Salampasu da Mbagani. Wannan maƙwabtaka ta bar alamarta a sassaƙarsu.

Fuskokin katakon da suka fito da sunan Lwalwa iri huɗu ne: nkaki, mvondo da shifoola na maza, sai mushika ta mace. An fi sanin nkaki, mai dogon hanci da ya taso tun daga goshi kamar bakin gatari, da idanu 'yan tsaga, da baki a ture gaba. Ana sassaƙa su da icen mulela, a shafe su da jan launi ko a baƙanta su. Ƙarƙashin hanci akwai 'yar huda da ake zura igiya, mai rawa ya cije ta da haƙora don kada fuskar ta zame. Ƙullutun da ke gefen kunnuwa kuwa kwaikwayon tsagar gado ce. Maza kaɗai ke sa su, har da ta macen, a rawar bangongo ta ƙungiyar ngongo, lokacin shigar da samari cikin manya da kuma neman sa'ar farauta. Masassaƙi mutum ne mai daraja a gari, kuma sana'ar gado ce.

Mafi yawan abin da aka sani ya samo tushe daga binciken Paul Timmermans ɗan Beljiyam, wanda aka buga a mujallar Africa-Tervuren a 1967. Dillalan Turai na son kamanta fuskokin da zanen Picasso, kuma hakan ya fi ɗaga farashi fiye da ƙara ilimi.

Bayan shekarun 1960 rubutu a kan Lwalwa ya yi ƙaranci. Yankinsu na Luiza kuwa na cikin wuraren da rikicin 'yan tawayen Kamwina Nsapu ya ɗaiɗaita a 2017.