Yadda Aka Koyi Auna Tsami

Ya kai mai karatu, ka sha ganin uwargida tana jefa ƴar kanwa cikin miyar yakuwa don ta kashe tsami. In ta yi kaɗan, tsami ya rage. In ta yi yawa, miya ta ɓaci. Harshe ne ma'auninta. To, masu sana'a a ƙasar Turai sun daɗe cikin wannan hali, kuma suna tafka hasara.

Masu yin sabulu da masu wanke yadi suna sayen gishirin toka, wanda yake dangin kanwa ne. Wani mai ƙarfi, wani gauraye da ƙasa, amma ido ba ya rarrabewa.

A shekara ta 1664, a Ingila, Robert Boyle ya rubuta cewa ruwan wani fure mai shuɗi yana komawa ja in ya gamu da tsami, ya koma kore in ya gamu da dangin kanwa. A 1729, wani Bafaranshe, Geoffroy, ya auna ƙarfin binegar. Ya dinga zuba mata gishirin toka kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina tashi, sannan ya lissafta nawa ta ci. A 1806, Descroizilles, wanda ya yi aiki da masu yadi a birnin Rouen, ya ƙera dogon gilashi mai zane-zanen awo don gwada gishirin toka kafin a biya kuɗi. A 1855 kuma, Bajamushe Mohr ya fid da littafi a kan wannan awo, da gilashi mai matsewa a ƙasa, mai sakin ruwa ɗigo-ɗigo. Irinsa ne ɗalibai ke aiki da shi a lekwal har yau.

Kai ma kana iya gwadawa. Ka jiƙa zoɓo, wanda wasu ke ce ma bisap. Ka raba shi daidai cikin kofi biyu, kowane da cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Ka samo kanwa iri biyu, ka jiƙa awo guda cikin ruwa daidai wa daida. Ka dinga ɗigawa kana ƙirga, har jan ya rine ya yi duhu. Wadda ta rinar da shi da ɗigo kaɗan, ita ce mai ƙarfi. Ka ga ke nan ba sai mai sayarwa ya rantse maka ba.