Yaƙin Gadon Sarautar Sifen, 1701–1714

A ranar 1 ga Nuwamba, 1700, Sarki Charles na Biyu na ƙasar Sifen ya rasu bai bar ɗa ba. Kafin cikawarsa ya yi wasiyya a naɗa Philip, jikan Sarki Louis na Goma Sha Huɗu na Faransa. Gidan sarautar Ostiriya suka ce atafau ɗansu, shi ma Charles, shi ya cancanci gadon. Ingila da Holan suka mara wa Ostiriya baya, domin tsoron kada Faransa ta haɗiye Sifen haɗe da ƙasashen da take mulka a nahiyar Amurka.

An gwabza a Blenheim a 1704, inda Marlborough da Yarima Eugene suka karya lagon Faransa. Amma abin da ya kawo ƙarshen yaƙin, a ganinmu, wata mutuwar ce. A 1711 Sarki Joseph na Ostiriya ya rasu, sarautar ta faɗa hannun ƙanensa, wato Charles ɗin nan. Ingila ta ga in aka ƙara masa Sifen, an gudu ba a tsira ba, sai ta nemi sulhu.

A yarjejeniyar Utrecht ta 1713 Philip ya riƙe Sifen, bisa sharaɗin ya cire rai daga sarautar Faransa. Ingila ta sami Gibraltar. Akwai kuma wani sharaɗi da ya kamata mu 'yan Afirka mu tsaya a kansa: an ba Ingila izinin kai bayi baƙar fata 4,800 duk shekara zuwa ƙasashen Sifen na Amurka, har tsawon shekara talatin.