Daga Huhun Goro Zuwa Ledar Rogo

'Yan uwa 'yan kasuwa, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu waiwayi abin da ya tsare dukiyar kakanninmu a kan hanya, wato abin naɗe kaya.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Salaga a ƙasar Gwanja, ya yi watanni kafin ya iso Kano ko Sakkwato. Goro kuwa ba ya jure bushewa. Sai a jera shi cikin ganyen fita, a ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Falken da ya yi sakaci da wannan aiki, jarinsa kan lalace tun kafin ya ga ganuwar birni.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta sauya, amma huhu bai sauya ba. A zamanin iyayenmu ne leda ta shigo, ga araha ga sauƙi, muka rungume ta. Yau ita ke toshe mana magudanan ruwa, tana kashe dabbobin da suka haɗiye ta. Nijar ta kafa dokar hana ta a 2014, Legas ta hana robar zuba abinci mai kumfa a 2024.

Yanzu masu bincike sun koma ga tsirrai. Suna dama sitacin rogo ko ƙaro, su zuba man kanumfari ko na kirfa, su shanya ya zama fallen leda siriri. Man yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kan abinci, fallen kuma yana ruɓewa a ƙasa. Matsalarsa har yanzu ita ce tsada da rashin jure danshi.

Rogo, ƙaro, kanumfari: duk kayan da muke tsallaka iyaka da su ne. Sudan, Chadi da Najeriya na sahun gaba wajen fitar da ƙaro. In muka yi barci, za mu sayar da ɗanye da araha, mu sayo abin naɗin da tsada. Don haka muna kira ga shugabanninmu su nemi zama da jami'o'in ƙasashenmu tun yanzu. Da tsohuwar zuma ake magani.